Labarin Tana da Gonakin Arewacin Kaduna

Duk yaron da ya tashi a Kabala ko Unguwar Rimi ko Malali, in dai ya taɓa saɓa sandar fatsa ya nufi bakin kogi, ya san inda a ke haƙar tana. Ba ya ɓata lokacinsa a kan tudu inda ƙasa ta yi ja ta ƙeƙashe. Gindin mangwaro ya ke nufa, inda ganye ya zuba ya ruɓe, ko bayan juji, ko gefen lambu inda ruwa ke malala. Sara biyu uku da fartanya, ya cika gwangwaninsa. Yaron nan bai shiga makarantar aikin gona ba, amma ya riga ya san abin da masana suka daɗe suna awo kafin su tabbatar, watau wannan halitta na bukatar laima, da abinci a bisa ƙasa, da kuma a bar mata gidanta kada a riƙa birkita shi.

Nufina a nan in ba da tarihin ƙasar noma ta arewacin Kogin Kaduna, tun daga kafin zuwan jirgin ƙasa har ya zuwa yau, mu ga yadda kowane zamani ya yi da waɗannan bukatu uku. Wani zamanin ya ba da ɗaya ya ƙwace biyu, wani ya ƙwace duka.

Bari mu fara duban ita tanar. Ba ta da ido, ba ta da haƙori, ba ta da huhu. Ta fatar jikinta ta ke numfashi, fatar kuwa ba ta shan iska sai da danshi, shi ya sa in ta fito bisa hanya rana ta riske ta, kafin azahar ta zama kamar tsinke. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da kara da taki. Ta kan haɗiye su tare da ƙasa, ta niƙa a wani ɗan ƙundu irin na kaza, sa'an nan ta fitar a bakin raminta. 'Yan tulin nan da ka kan gani da sassafe cikin damina, wani kamar an murɗa igiya, wani a tsaye kamar ƙaramar hasumiya, shi ne kashin tana. In aka auna shi a kan tarar ya fi ƙasar da ke kewaye da shi abincin shuka, ya kuma fi ta ƙarancin tsami. Ramukanta kuwa nan ruwan sama ke bi ya nutse maimakon ya kwarara ya tafi da ƙasa, nan iska ke shiga, nan saiwa ke bi ba wahala. Akwai wani zance da yara ke yi, wai in ka raba ta biyu ka sami tana biyu. Ba haka ba ne. Ɓangaren kai ya kan warke wani lokaci ya tsiro da sabuwar wutsiya, amma wutsiyar mutuwa ta ke yi. A riƙe wannan, za mu komo kansa in mun zo zancen garma.

Mutumin da ya ɗauki wannan halitta da muhimmanci har ya yi mata littafi guda shi ne Charles Darwin, wani masani na Ingila. Cikin 1842 aka watsa farfasasshen alli a wani fili kusa da gidansa, aka bar filin ba noma. Cikin 1871, bayan shekara 29, ya sa aka haƙa rami a wurin, sai aka tarar allin ya nutse inci bakwai. Ba wanda ya binne shi. Tana ce ta yi ta fito da ƙasa daga ƙarƙashi, ta zuba a kansa kaɗan kaɗan. Ya yi lissafi ya ce a wurare da yawa na Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana a eka ɗaya ta fi tan goma kowace shekara. Littafin ya fito cikin 1881, 'yan watanni kafin ya mutu.

Ba a jima ba zancen ya iso ƙasarmu. Wani ma'aikacin gwamnatin Ikko, Alvan Millson, ya ratsa ƙasar Yarbawa, ya ga gonakin da aka bari su huta sun cika da kashin tana a tsaitsaye. Cikin 1890 aka buga rahotonsa a Ingila. A lissafinsa, ƙasar da tana ke fitarwa a murabba'in mil ɗaya ta fi tan dubu sittin a shekara, har ya ce cikin shekara 27 ta kan juye dukan ƙasar da ke zurfin ƙafa biyu. A ganinsa wannan ne ya sa gonar Bayarabe ke farfaɗowa bayan ɗan hutu ba tare da an kai mata taki ba. Masana suka yi masa tukuici, suka sa wa wani jinsin tana na Afirka ta Yamma sunansa, Millsonia.

To, amma Kaduna ba ƙasar Yarbawa ba ce, kada mai karatu ya ɗauko lissafin can ya aza a nan. Ruwan da mu ke samu a shekara wajen inci hamsin ne, watau milimita 1,200 da ɗoriya. Ya kan fara cikin Afrilu ko Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. Daga nan sai wata biyar ko fiye ba ɗigo, hunturu ya busar da kome, bazara ta gasa abin da ya rage. Ƙasar tudu ja ce, yashi a sama yumɓu a ƙasa, wani wurin kuma ba ka yi nisa da haƙa ba za ka ci karo da marmara. Baƙin da ke cikin ƙasa, watau ruɓaɓɓen ganye da saiwa wanda shi ne abincin halittun ƙasa, kaɗan ne ƙwarai, domin zafi na cinye shi da sauri. Saboda haka tanar tudu aikin wata biyar ko shida ta ke yi. In kaka ta yi sai ta nutsa, ta yi ɗan ɗaki ta shafe shi da yauƙin jikinta, ta nannaɗe ta kwanta. Wadda ba ta sami haka ba sai ta mutu, ta bar ƙwayayenta cikin 'yan kwanso su jira ruwa. A fadama ne, da bakin rafi, da gindin manyan itatuwa, ta ke samun sakewa.

A tudu kuwa babbar ma'aikaciyar ƙasa gara ce. Na san manomi ba ya son jin wannan, don ta ci masa zana, ta ci masa rumbu, ta kayar masa da masara ana gab da girbi. Amma ita ce ke aiki da rani sa'ad da tana ke barci. Ita ke huda fako, ta jawo kara da ganye cikin ƙasa, ta fito da yumɓu daga zurfi ta gina suri. Gara iri iri ce, kuma yawancinta matattun itace da ciyawa da ƙasa ta ke ci, kaɗan ne daga ciki masu taɓa shuka. Masanan da suka yi nazarinta a Mokwa cikin shekarun 1970 sun tarar cewa in aka sare daji aka daɗe ana noma wuri, ire-iren gara sun kan ragu, amma 'yar ƙaramar nan mai gida can ƙarƙashin ƙasa, wadda ke shiga saiwar masara da gyaɗa, ita sai ta ƙaru. Watau noma ya kori masu amfani ya bar mai ɓarna ita kaɗai, ga shi kuma ba abin da za ta ci sai shuka. Ban da gara akwai buzuzu mai binne kashin shanu, da ƙadandoniya, da gwazarma, da tururuwa, da funfuna mai kama da zaren auduga a ƙarƙashin ganye. Akwai kuma ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, cikinsu har da masu zama a 'yan ƙulluttukan saiwar gyaɗa da wake suna jawo wa ƙasa abinci daga iska. Su duka tukunya ɗaya su ke ci, abin da ya faɗi ƙasa ya ruɓe. Tana ce dai mai sauƙin gani a cikinsu, shi ya sa mu ke auna lafiyar sauran da ita.

Kafin ƙarni na ashirin, inda birnin ya ke yau daji ne na doka da ɗorawa da kaɗanya, da kurmi a bakin rafuka. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: ga Doka, ga Kurmin Mashi, ga Unguwar Rimi, ga Rafin Guza, Kawo kuwa sunan wani babban itacen daji ne. Mazauna wurin yawancinsu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a ƙananan ƙauyuka, da Hausawa jefi jefi, da Filani masu wucewa da shanu. Mutane kaɗan, ƙasa da yawa. Mutum ya yi sassabe, ya ƙone, ya yi tulin doya ko kunyar dawa, ya noma shekara uku ko huɗu. In ya ga ƙuduji ya fito, amfani ya ja baya, sai ya bar wurin ya zama saura ya ci gaba. Kafin ya komo shekaru sun shuɗe, gamba ta rufe wurin, itatuwa sun toho daga kututture, ganye ya zuba ya ruɓe. Ba zan ce wannan noma ba shi da laifi ba, don wutar da a ke sakin wa daji kowace shekara na cinye ganyen da zai zama abincin ƙasa. Amma fartanya ba ta shiga da zurfi, ba a tumɓuke kututture, ba a sare ɗorawa da kaɗanya. Hutun saura kuwa shi ke biyan bashin da noma ya ci.

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa da aka taso da ita daga Baro ta ƙetare kogin ta kai Kano. Gwamna Lugga ya ga wurin ya yi masa, ga ruwa, ga fili, ga jirgi. Soja suka fara tasowa daga Zungeru cikin 1913, gwamnati ta biyo su cikin 1917, Kaduna ta zama hedkwatar Arewa. Bariki da ofisoshi da gidajen Turawa duk a arewacin kogi aka kafa su. Jama'a suka yi ta zuwa neman aiki, kowa ya yi unguwarsa, ga Unguwar Kanawa, ga Tudun Nupawa. A ƙidayar 1963 mutanen garin sun kai wajen dubu 150, yau kuwa sun haura miliyan.

Gari ba ya zama sai da itacen wuta, da azara, da ciyawar jinka, da ƙasar gini, da tsakuwar hanya, kuma daga dajin da ke kusa a ke fara ɗiba. Gari kuma ciki ne da shi, sai an noma masa. Gonar da ke kusa da kasuwa ba mai barinta ta huta shekara goma. Hutun saura ya yi ta gajarcewa har a wurare da yawa ya ƙare ɗungum, ba a kuwa sa wani abu a madadinsa ba. Wani abin kuma da ya taɓa mazaunin tana shi ne yaƙi da ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Tsando inuwar bakin rafi ya ke so, saboda haka maganin da aka fi yi a Lardin Zazzau cikin shekarun 1930 da 1940, musamman a shirin Anchau, shi ne sare kurmin bakin rafuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma a nan Kaduna aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma. An ceci rayuka da yawa, ba mai musu. Sai dai inuwar da tsando ke so ita ce tana ke so.

Duk da haka garin ya mayar da wani abu. Hausawan da suka zo daga ƙasar Kano sun zo da wata tsohuwar dabara. A kewayen birnin Kano an daɗe ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, domin da rani jakuna kan shiga birni da itace su fito da mangaloli cike da toka da shara da kashin awaki, a jibge a gona. Haka aka riƙa yi da jujin Kaduna da takin turken dabbobi. Aka kuma buɗe lambuna a fadamun bakin kogi, ana ban ruwa da jigo, ana shuka albasa da tumatir da alayyafo da latas don kasuwa da gidajen ma'aikata. Lambu kuwa aljannar tana ce, in an yarda mini da wannan kalma: laima rani da damina, ga taki, ga inuwar ganye. Mangwaro da maɗaci da aka jera a unguwar Turawa su ma sun yi nasu taimako ba da niyya ba.

Ma'aikatar gona ta lura da gajiyar ƙasa tun da wuri. Cikin 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya, mil hamsin da ɗoriya daga Kaduna, a ƙasa da yanayi masu kama da namu. Shugaban ma'aikatar a lokacin, O. T. Faulkner, ya nemi abin da zai maye gurbin saura. A Badun an gwada shuka wani irin wake mai yaɗo a binne shi ɗanye ya zama taki, amma a Arewa dogon rani ya hana wannan dabara tafiya. Sai aka koma ga shanu. Cikin 1928 aka fara shirin noma da shanu da manoma uku kacal. En'e ta ba mutum rancen bijimai biyu da garma, ya yi musu rumfa, ya shimfiɗa musu ciyawa su tattake ta da kashi da fitsari, da bazara ya kwashe ya kai gona. Kafin shekarun 1960 masu noma da shanu sun kai dubbai masu yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Su masu shirin, taki ne babban nufinsu, garma ɗan kwaɗayi ce da za ta jawo manomi. Shi kuwa manomi garmar ya gani. Da ita ya faɗaɗa gonar auduga da gyaɗa ninki biyu ko uku, alhali takin bijimai biyu ba ya isar ko rabinta. Ban ga laifinsa ba, ga haraji, ga bashin En'e, ga iyali. Amma garma ba ta tafiya sai an tumɓuke kututture, kuma ta kan yanka tana, ta rushe ramukanta, ta juyo ta sama ga rana da tsuntsaye. Wanda ya taɓa ganin balbela na bin bayan mai huɗa ya san ba gaisuwa ta zo yi ba. Da tarakta ta zo da faifan ƙarfe sai abin ya ƙaru, don ta fi shiga da zurfi, nauyinta kuma na danne ƙasar da ke ƙarƙashi. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da yawa bakinsu ɗaya a kan wannan: gonar da a ke juyawa kowace shekara ta fi ƙarancin tana, kuma manyan nan masu zurfin rami su ke fara ɓacewa.

Cikin 1950 aka kafa wani gwaji a Samaru wanda ya kamata kowane manomi na wannan yanki ya san labarinsa. Aka yanka fili gida 81. Wani aka sa masa takin shanu, wani takin zamani iri ɗaya, wani iri biyu ko uku, wani aka haɗa masa na shanu da na zamani, wani kuma aka bar shi haka nan. Aka yi ta noma su shekara da shekaru, auduga da dawa da gyaɗa da masara, ana auna amfani ana auna ƙasa. Da farko takin zamani ya yi abin mamaki. Da tafiya ta yi nisa sai aka ga filayen da a ke zuba wa takin salfa shi kaɗai sun fara tsami, baƙin ƙasarsu ya ragu, amfaninsu ya ja baya, har daga baya aka sauya salfa da wani iri. Filayen da suka riƙe ƙarfinsu bayan shekara arba'in da ɗoriya su ne waɗanda aka haɗa wa takin shanu da na zamani.

Wannan gwaji ba don ƙidayar tana aka kafa shi ba, amma akwai yayansa a Ingila inda aka ƙidaya. A tashar Rothamsted akwai gonar alkama da a ke gwaji a kanta tun 1843, da filin ciyawa tun 1856. A gonar alkama, ɓangaren da a ke sa wa takin dabbobi ya fi sauran tana nesa ba kusa ba. A filin ciyawa kuwa, inda aka daɗe ana zuba salfa ba a sa farar ƙasa ta kashe tsamin ba, tana ta ƙaura, har matacciyar ciyawa ta taru a bisa ƙasa kamar tabarma, ba mai jan ta ciki. Dalilin a fili ya ke. Takin zamani abincin shuka ne, ba ya ƙosar da tana ko gara ko funfuna. In ya sa shuka ta yi kyau aka bar kara da saiwa a gona, to su ma sun samu. In kuwa aka kwashe kome, ga tsami na ƙaruwa, sun yi biyu babu.

Wannan darasi yana nan a rubuce sa'ad da kuɗin man fetur suka zo. Tun cikin shekarun 1950 malaman gona ke tallata sufa ga manoman gyaɗa, amma sai cikin shekarun 1970 takin zamani ya zama ruwan dare. Cikin 1975 aka fara babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, lokacin Funtuwa da Kaduna na cikin jiha ɗaya. Cikin 1976 aka buɗe masana'antar sufa a ƙetaren kogi, a shekarar kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shelar shirin ciyar da ƙasa, ta sa wa taki rangwame mai yawa. Aka kawo sabon irin masara mai son taki. Masarar da a da 'yar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya, ta kori dawa daga gonaki masu yawa, ƙasar Zazzau ta zama rumbun masara na Nijeriya. Jama'a sun ƙoshi, wasu sun yi kwanon gida sun tafi Makka da kuɗinta, wannan alheri ne. Amma buhun kamfa ko yuriya ya fi jaki ashirin na juji sauƙin ɗauka, sai mutane da yawa suka daina wahalar kai taki. Da rangwame ya janye, buhu ya yi tsada, sai aka fara jin manomi na cewa ƙasa ta saba da taki, in ba a sa ba ba ta yi. Gaskiyarsa, sai dai ba sabo ba ne, masu yi mata aiki a ciki ne suka ƙare da yunwa.

Dubi gonar tudu a bayan Kawo ko Rigasa cikin watan Janairu. An kwashe kara don danni da girki, an ɗaure harawa an kai kasuwa, shanu sun bi sun tsince karmami, abin da ya rage an tara an cinna masa wuta, ko masu farautar gafiya sun cinna. Ƙasa na nan tsirara wata biyar. Ruwan farko in ya zo da ƙarfi sai ya daddaɓe fuskarta ta yi ɓawo, na biyu ya kwarara ya tafi da ita rafi. Wani masanin ƙasa ɗan Indiya, Rattan Lal, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta Badun daga 1970 zuwa 1987, ya gwada wannan. Ya bar wasu filaye ba huɗa, ya rufe su da karan da aka girbe, wasu kuwa ya sa aka juya su aka bar su a buɗe. Waɗanda aka rufe sun fi sanyi da laima, kashin tana a kansu ya ninka na sauran sau da yawa, ruwa na nutsewa, zaizaya kaɗan. Cikin 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya. Amma faɗar a bar kara a gona ta fi yi sauƙi. Matar da ba ta da kuɗin gawayi da kara za ta dafa tuwo, mai tumaki kuma ba zai bar harawa ga gara ba.

Sai kuma feshi, wanda ya yaɗu ƙwarai tun da lada ta yi tsada, matasa suka koma acaba. Nan ya kamata a rarrabe. Maganin ciyawa yawanci bai cika kashe tana kai tsaye ba, in an bi ƙa'ida, har ma ya kan rage yawan huɗa. Illarsa ita ce ya bar ƙasa ba abin rufa in ba a bar matacciyar ciyawar a wurin ba. Magungunan ƙwari ne abin tsoro, musamman mai tsaba da a ke barbaɗawa cikin ƙasa irin su Furadan, wanda an tabbatar guba ne mai ƙarfi ga tana, haka kuma maganin funfuna mai tagulla a ciki in ya taru a ƙasa. A lambun tumatir da kabeji kuwa aka fi zuba waɗannan, watau a wurin da tana ta fi yawa.

Ita fadamar ma an matsa mata. Gine-gine sun gangaro har bakin ruwa, an cike kwari da ɓaraguzai an yi fuloti, masu yashi da masu bulo sun kwashe gaɓa. Ambaliyar watan Satumba na 2003, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu, ta bi ta wuraren da a da lambuna ne da ciyawa masu shanye ruwa. Jujin gari kuma ba irin na da ba ne. Da toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki, yanzu rabinsa leda ce da fasasshen kwalba da mataccen batir, sai manomi ya tsince ya tankaɗe kafin ya kai gona.

Ko ƙasar da ta mutu haka na farfaɗowa? Amsar ta zo daga wurin da ya fi mu ƙarancin ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma na Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga aikin su Yakuba Sawadogo, suka komo da shi. Su kan haƙa 'yan ramuka a fako da rani, su zuba taki tafi ɗaya ko biyu a kowanne, suna kiransa tassa. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ta huda ƙasa ta ko'ina, ruwa ya sami hanya, gero ya tsaya a inda shekara da shekaru ko ciyawa ba ta fita. Abokiyar gaba ce suka ɗauka aiki, ladanta taki. A ƙasarmu mai ruwa, in gara ta buɗe hanya aka kuma sami abin rufa, tana kan biyo baya daga gefen gona da gindin itatuwa, ko da ya ke a hankali ta ke tafiya, sai an yi shekaru. Wani lissafi da masana suka buga cikin 2023 ya nuna aikin tana na da hannu a wajen kashi shida da rabi cikin ɗari na hatsin duniya, a Afirka kudu da Sahara kuwa wajen kashi goma, domin nan ne ƙasa ta fi rauni, taki kuma ya fi wuyar samu. Akwai ma wata doguwar tana 'yar asalin Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Eudrilus, da a ke kiwonta cikin akwatuna a Indiya da Amurka, a ba ta shara da kashin dabbobi ta mai da su taki a sayar.

Wanda ya ke so ya san halin da gonarsa ke ciki, ga hanya mai sauƙi. Cikin watan Agusta, da safe bayan an kwana biyu da ruwa, ya haƙa rami ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, ƙafa ɗaya zurfi a tsakiyar gona, ya zuba ƙasar a kan buhu, ya farfasa ta da hannu, ya ƙirga tana da sauran abin da ke motsi. Ya sake haƙa irinsa a gindin ɗorawa ko a kan iyaka inda garma ba ta taɓawa, ya ƙirga. Sa'an nan ya sami gwangwani ya cire masa gindi, ya kafa shi a kowane wurin, ya zuba ruwa kofi ɗaya ya ga inda ya fara shanyewa. Ya rubuta abin da ya samu a takarda da kwanan wata, tun da yanzu ya iya rubutu, ya adana. In ya sa takin turke a wani ɓangare, ko ya bar kara, to baɗi war haka ya komo wurin da fartanyarsa da takardarsa.